Sulhun bakin titi da takardar da ke cikin aljihun mota

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a cikin birnin Kano ya san yadda abin yake faruwa. Ana cikin cunkoson yamma, an taso daga Kantin Kwari da kasuwar Singa, motoci sun cakuɗe da 'yan Adaidaita Sahu a wajen Ƙofar Nassarawa, sai a ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Direbobi biyu su fito, kowa ya zagaya ya sunkuya yana duba motarsa, kafin su ɗago kai mutum goma sun kewaye su, cikinsu har da wanda bai ga komai ba amma ya fi kowa bayanin yadda aka yi. Wani ya ce tsautsayi ne, wani ya ce a gode wa Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe, wani dattijo kuma ya ce a fara matsar da motocin gefe a ba jama'a hanya. Daga ƙarshe maganar takan tsaya a wuri ɗaya: "Mu je wajen bakanikena ya duba." A duk tsawon wannan tsayuwa da wuya ka ji bakin da ya ambaci inshora, alhali kowace daga cikin motocin biyu, in dai takardunta sun cika, tana ɗauke da takardar inshora a cikin aljihun gaba.

Ba na cikin masu ganin wannan al'ada a matsayin ci baya da ya kamata a kawar. Idan madubi ne ya karye, ko fenti ya kuje, ko bamba ta ɗan loɓa, sulhun da aka yi a gefen titi cikin minti ashirin ya fi kowace hanya sauƙi da rahusa, kuma yakan bar mutane biyu su rabu suna yi wa juna addu'ar Allah ya tsare gaba. Wanda ya zaɓi hanyar kamfanin inshora sai ya sanar da kamfani, ya cike takarda, ya ɗauki hotuna, ya kawo ƙiyasin kuɗin gyara, sau da yawa a nemi rahoton 'yan sanda, wanda shi kansa yana nufin a kai motocin caji ofis a ajiye su har sai an gama awo da rubutu. Ɗan kasuwar da motarsa ita ce ƙafarsa ba zai yarda ta kwana uku a ajiye saboda fitilar baya ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da nake ja a kai shi ne sunan da muke ba abin. Yawancin abin da muke kira sulhu a titunanmu ba ya samuwa daga zaɓi, yana samuwa ne daga rashin mafita, domin takardar da ya kamata ta zama ɗaya hanyar ba ta aiki, ko kuma mai ita bai taɓa sanin amfaninta ba.

Na koyi wannan ne da kuɗin aljihuna. Wata damina, a kan titin Zariya wajen Gyaɗi-Gyaɗi, ana yayyafi, motar da ke gabana ta taka birki saboda wani yaro da ya tsallaka, ni kuwa hankalina ya ɗan tafi wani wuri, sai na dake ta ta baya. Mai motar dattijo ne mai kamala, ya fito ya duba, ya ce, "Malam, ka ga dai abin da ya faru." Na ce, "Alhaji, laifina ne, a yi haƙuri." Ba mu yi musu ba, tunda kowa ya san wanda ya daki mota ta baya shi ake ɗora wa. Na bi shi har garejin da yake kai gyara. Mai bugun jikin mota ya shafa bambar da tafin hannunsa, ya ce wannan in an gasa ta za ta koma, amma fitilar hagu sai an sake. Aka tura yaro Ƙofar Ruwa ya tambayo farashi, ya bugo waya da farashi biyu, na sabuwa 'yar Caina da na tsohuwa ta Beljiyam, wadda ta fi tsada domin ita ce ta asali. Alhaji ya ce tasa ta asali ce, don haka ta asali yake so, kuma gaskiyarsa ne. Na tura kuɗin, alat ya shiga wayar mai garejin, muka yi musabaha muka rabu.

Bayan kwana uku ya kira ni, ya ce murfin but ba ya rufuwa daidai, ruwan sama yana shiga, an duba an ga ƙarfen da ke bayan bambar ya lanƙwashe. A nan ne muryoyinmu suka sauya. Ni ina ganin mun gama magana, na biya abin da aka yanka. Shi yana ganin abin da muka yi alkawari shi ne motarsa ta koma yadda take, ba wai a biya adadi kaza ba. Babu maƙaryaci a cikinmu, kawai dai babu wanda ya fayyace abin da aka yi sulhu a kansa, babu kuma ko layi ɗaya a rubuce. Sai da wani abokina da ya san shi ya shiga tsakani muka raba kuɗin gyara na biyu. Abin da ya fi ba ni haushi daga baya ba kuɗin ba ne. A duk kwanakin nan bai taɓa faɗo mini a rai ba cewa ina da inshora, kuma ainihin irin wannan ɓarna aka yi ta domin ta ɗauka.

Yana da kyau a tsaya a nan a faɗi abin da takardar take nufi, domin mutane da yawa da suka yi shekaru suna sabunta ta ba su sani ba. Tun dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1945, wajibi ne duk abin hawa da ke bin titi a Najeriya ya kasance da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa lahani. Dokar inshora ta 2003 ta ƙara da ɓarnar dukiya, ta ce kada abin da za a ɗauka ya gaza naira miliyan ɗaya. Wannan inshora ta tilas ba ta gyara motarka idan kai ne ka jawo hatsarin. Motar wanda ka daka take gyarawa, ko shagon da ka afka wa, ko jinyar wanda ka buge. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar da ke kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta na shekara ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan uku. Mai babur mai ƙafa uku kuma yana biyan naira 5,000 a shekara, a ɗaukar masa ɓarnar da ta kai naira miliyan biyu. Jama'a sun yi ta ƙorafi a kan ninka kuɗin sau uku, amma kaɗan ne suka lura da ɗaya rabin labarin, wato miliyan ukun da suke da haƙƙin a biya a madadinsu.

A shekarar da aka yi wannan ƙari aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a kasuwa, dalar da ake saya a ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, saboda haka abin da a da ake kira ƙaramar ɓarna ya daina zama ƙarami. Fitilar gaba ɗaya ta wasu motocin zamani tana iya cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ta nemi ƙari. Al'adar sulhunmu ta ginu ne a zamanin da mutum zai iya sa hannu a aljihu ya biya madubi nan take. Yau ana yin sulhun da irin kalmomin da, ana cewa a yi haƙuri a duba zumunci, amma adadin da ke biyo baya na iya zama albashin wata biyu.

A nan ne ake gane wanda al'adar take dannewa. Na taɓa tsayawa ina kallo a bakin wata mahaɗa, wani matashi ɗan Adaidaita Sahu ya goga wa wata babbar mota ƙirar jif a ƙofar baya, ya bar zane mai tsawon kamu biyu. Kafin ya gama sauka direban jif ɗin ya miƙa hannu ya zare makullin babur ɗin ya sa a aljihu. Fasinjoji mata biyu suka sauka suka tsaya a rana da kayansu. Yaron ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka yi mini rai, wallahi ko balas ban haɗa ba." Aka ce masa fentin ƙofa ɗaya ba ya yiwuwa sai an haɗa da na gefenta don kada launi ya bambanta. Ya zazzage aljihunsa, 'yan canji ne na ɗari biyu da ɗari biyar, aka ƙirga aka ce ba su kai ko'ina ba, ya bugo wa mai babur ɗin, ya bugo wa yayansa. Da aka gama, mutane suka watse suna cewa alhamdulillahi an sasanta. Ban ga sasantawa a wurin ba. Na ga mutum wanda aka riƙe masa abin neman abincinsa har sai da ya amince da adadin da ba shi da hanyar tantancewa. Da naira 5,000 ɗin da aka biya wa babur ɗin ta shiga hannun kamfani na gaskiya, da yana da bakin cewa: ga sunan kamfanina, ga lambar takardata, a bi ta can.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sau nawa mai ƙaramar mota, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, ɗan Adaidaita zai fasa masa fitila, nan take 'yan uwansa direbobi su taru su cika wurin, a yi ta cewa, "Haba Alhaji, kai fa babba ne, wannan yaron me yake da shi?" Kunya da yawan idanu su sa ya ce ya yafe, ya shiga mota yana cizon yatsa, ya je ya ci bashi ya gyara. Ana kiransa Alhaji ne kawai domin yana cikin mota. Yafiyar da aka tatsa da kunya a gaban taro ba ta da bambanci da kuɗin da aka karɓa ta hanyar ƙwace makulli: a duka biyun wanda ya fi ƙarfi a wannan minti shi ya yanke hukunci.

Mu da muke jingina wannan al'ada ga addini ya kamata mu tuna cewa sulhu a Musulunci yana da sharuɗɗa. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, hadisi kuma ya halatta shi a tsakanin Musulmi sai dai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, ko da ba da gangan ya yi ba, domin kuskure yana ɗauke zunubi amma ba ya ɗauke ramuwa. Saboda haka kalmar "tsautsayi ne" ba ta wanke kowa daga biya. A ɗaya ɓangaren kuma, dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, kuma abin da ake ramawa shi ne gwargwadon abin da aka ɓata. Wanda aka fasa masa tsohuwar bamba mai tsagu biyu tun da can, ya tsaya kai da fata sai an sayo masa sabuwa fil a leda, ya ci abin da ba nasa ba, ko da an tashi ana fatiha. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Yawancin sulhun mota bashi ne, domin ana cewa "zan kawo sauran ranar Juma'a" ko "a gyara a gaya mini", amma idan ka ciro biro da takarda sai a dube ka kamar ka zargi mutum da rashin amana.

Ni dai yanzu ina rubutawa. Ba wata doguwar yarjejeniya ba ce ta lauyoyi: kwanan wata, wurin da abin ya faru, lambobin motocin biyu, abin da ya lalace ɗaya bayan ɗaya, adadin da aka amince, da jimla guda da ke cewa ko wannan kuɗi ya rufe magana ko kuwa za a sake dubawa idan wata ɓarna ta ɓulla cikin kwana kaza. Kowa ya sa hannu, mutum ɗaya ya shaida, a ɗauki hoton takardar da waya, a ɗauki hoton motocin kafin a matsar da su. Kuɗin ma gara a tura ta banki, domin alat shaida ne da ba ya mantuwa. Kuma kada a yanka adadi a kan titi idan dukan ya taɓa gaban mota ko ƙasanta. Lagireto na iya tsagewa ba a gani ba sai washegari mota ta fara zafi, ƙafar mota na iya gocewa sai bayan mako taya ta fara cin gefe. Bakanike ɗaya na mai motar da aka daka ba ya isa alƙali, tunda mai motar ne abokin cinikinsa na kullum. In adadin ya yi nauyi, wanda zai biya yana da haƙƙin ya kawo nasa ya gani.

Akwai wurin da ba na ganin sulhun bakin titi yana da hurumi ko kaɗan, wato inda aka taɓa jikin mutum. Wanda mota ta buge yakan miƙe cikin ruɗewa ya kaɗe rigarsa ya ce ba komai, a danƙa masa naira dubu biyu a ce ya sayi magani, alhali jini na iya zuba a cikin ciki ko a cikin kai ba tare da ko ƙwarzane a waje ba. Wannan asibiti ya kamata a nufa da shi nan take, a kuma sanar da hukuma, domin rashin kai rahoton hatsari yana cikin laifuffukan da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa take hukuntawa. Haka nan wanda yake tuƙa motar ma'aikata, ko motar da aka saya da bashin banki, ko wadda ke da cikakkiyar inshora, ya sani cewa yawancin takardun inshora suna ɗauke da sharaɗin a sanar da kamfani da wuri, kuma kada a amsa laifi ko a biya wani abu ba da izininsa ba. Wanda ya biya rabin kuɗi a titi, daga baya ɓarna ta fi ƙarfinsa ya koma wa kamfani, yana iya tarar da ya rufe wa kansa ƙofa.

Na san wasu za su ce su ba sa harka da inshora domin malamai sun yi magana a kanta, saboda riba da rashin tabbas da ke cikin tsarinta. Magana ce da nake girmamawa, amma ba ta bayyana halin da muke ciki ba, tunda masu faɗar haka ɗin ma suna biyan kuɗin takardar duk shekara don kada a tare su a hanya. Ga shi kuma tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, tsarin taimakekeniya da aka gina bisa shari'ar Musulunci, a 2016 kuma ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Mai gudun shubuha yana da inda zai kai kuɗinsa. Abin da ba shi da ma'ana shi ne mutum ya biya, ya ƙi amfana, sannan ranar tsautsayi ya sake biya daga abincin 'ya'yansa.

Laifin ba na direbobi kaɗai ba ne. Daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sandan Najeriya, a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta fara tilasta mallakar wannan inshora a faɗin ƙasa, a watan Agustan shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora. To amma duk ƙarfin da ake sawa yana ƙarewa ne a kan karɓar kuɗi da duba takarda a shinge. Ba a sa irin wannan ƙarfi wajen ganin cewa wanda aka fasa wa fitila ya samu kuɗinsa cikin mako guda ba. Muddin neman diyyar naira dubu hamsin zai ci wa mutum zirga-zirgar da ta kusa kai haka, jama'a za su ci gaba da ɗaukar inshora a matsayin haraji, kuma ba za a ce sun yi wauta ba. Kamfanonin da ke iya sayar da takarda ta waya cikin minti biyar za su iya karɓar hotunan ɓarna ta wayar, su amince da ƙiyasin gareji da suka tantance a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, su biya ƙananan diyya ba tare da an kwana a caji ofis ba. Ya kamata kuma hukumar NAICOM ta riƙa bayyana wa jama'a, da Hausa a gidajen rediyo, nawa kowane kamfani ya karɓa a kan inshorar tilas, nawa kuma ya biya, domin mai mota ya san inda zai kai naira 15,000 ɗinsa.

Bayan rigimata da Alhaji ta lafa ne wani ya nuna mini cewa ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace takardar inshorar mota ta gaskiya, kuma kowa na iya dubawa ta intanet ko ta danna *565*11# a waya ya sa lambar motarsa. Na ciro takardata daga aljihun mota, tana nan tsaf da tambari da sa hannu, na danna, na sa lambar motata. Babu ita. Na sake sawa a hankali, harafi bayan harafi, babu ita dai. Shekara da shekaru akwai wani mutum da nake ba kuɗi ya sabunta mini takardun mota gaba ɗaya ya kawo mini har gida a cikin ambulan, ni kuma ina yi masa godiya har da ɗan na goro. Ashe ko da na tuna da inshora a ranar da na daki motar Alhaji, babu kamfanin da zai amsa sallamata.

Na je na same shi da takardar a hannu, na nuna masa abin da wayar ta ce. Bai ko girgiza ba. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, tun da nake yi maka, an taɓa tare ka a hanya aka ce ba ta yi ba?"